Karcen Awarwaron Ammi

Ranar da Rimsha ta hau benen kasuwarmu ta kwamfuta a Lahore, rungume da laftof cikin gyalenta, Shahzeb mai gyara yana tsakiyar cin samosa. Yana ganinta ya ajiye, ya goge hannu a wando, abin da duk layinmu ba mu taɓa ganin ya yi wa wani kwastoma ba.

"Bhai, ɗan'uwa, kana goge karce?" ta ce, ta buɗe kwamfutar. Inda ake ɗora hannu duk ya yi zane-zane.

Ya dubi wurin, ya dubi hannunta. "Baji, 'yar'uwa, wannan aikin awarwaro ne. Kuma kwamfutar ba taki ba ce."

"Wa ya gaya maka?"

"Da taki ce, da ba ki shigo kina waige-waige ba."

Ta rufe baki da gyale tana dariya. Ta Abbunta ce, wato mahaifinta Chaudhry Riaz, wanda ko ƙura ba ya yarda a kaɗe mata. Ya tafi Umra, ita kuwa ta lallaɓa tana aikin jami'a da ita.

Shahzeb ya rufe maɓallan da salatef, ya bi layin ƙarfen da samfefa mai laushi a hankali, sannan ya sa man gogewa da tsumma har wurin ya koma sumul. Da a nan ya tsaya, da an zauna lafiya. Amma a kan murfin akwai wani tsohon karce, dogo mai zurfi, irin wanda ba ya goguwa. Mu kuwa a nan, in muna son kwastoma sai mun ƙara masa abin da bai tambaya ba. Gogan naku ya ciro murfi mai kyau daga wata matacciyar kwamfuta ya ɗaura, ya jefa tsohon cikin buhun tarkace.

Da ta zo karɓa ba ta lura ba. Gaskiya idonta ba a kan murfi yake ba.

Daga nan caja ta fara lalacewa a gidansu kusan kullum. Saƙonni suka biyo baya.

"Mai Awarwaro, yau ba abin da ya karce a gidanku? Kasuwa ta yi shiru."

"Malam Goga, ka yi aikinka. Akwai alawar jalebi a jakata, in ka yi hankali gobe ka samu."

Abbu ya dawo. Ya sha shayi, ya jawo kwamfutarsa, babban yatsansa ya tafi kan murfin kamar kullum. Ya shafa, ya sake shafawa.

"Rimsha. Ina karcen Amminki?"

Sai a ranar ta ji labarin. Wata rana mahaifiyarta, marigayiya Ammi, ta gaji da kiransa cin abinci, ta zo ta danne murfin tana cewa, "Riaz sahib, ko ni ko ita." Dutsen awarwaronta ya ja wannan layi. Tun rasuwarta ba ya buɗe kwamfutar sai ya shafa shi. Rimsha ta faɗi gaskiya tana kuka.

Mahaifiyar Shahzeb ta zo neman aure da kwalin alawa, ta koma da abinta ko buɗewa ba a yi ba.

"Yaron da ke goge abin da ba a sa shi ba," in ji Abbu, "ba zan ba shi 'yata ba."

Kamar jira yake, sai ga Faraz, ɗan ƙanwar Abbu, daga Dubai, yana ƙamshin turare tun daga bakin ƙofa. Ya dire sabuwar laftof a kwali. "Kawu, jefar da wannan tsohuwar. Mene ne abin baƙin ciki a kan gwangwani?"

Abbu ya ture kwalin gefe.

Shahzeb kuwa ya ɓace. Shago a rufe, waya shiru. Ran Rimsha ya ɓaci sosai, ta rubuta masa: "Ashe haka kake? An kore ka sau ɗaya ka gudu? Ni ma ka goge ni ke nan."

Amsa ba ta zo ba sai washegari. "Jaan, masoyiyata, hannuna ne duk baƙin mai. Ki ba ni lokaci."

Mu mun san inda yake. Mai sayen tarkace ya daɗe da kwashe buhun, shi kuwa Shahzeb ya bi sawu har kasuwar ƙarafa ta Misri Shah, yana tona tulin murafu ɗaya bayan ɗaya. 'Yan wurin suka mai da shi abin dariya. "Kowa mai kyau yake nema, wannan mai tabo yake so. Ka kawo guduma mu yi maka mana."

Ni kaina na ba shi shawara. "Ka ɗauki ƙusa ka ja layi, wa zai gane?"

"Yatsansa zai gane," ya ce. "Ko bai gane ba, ni na sani."

Wata Juma'a bayan masallaci ya ƙwanƙwasa ƙofar Chaudhry Riaz, yatsu duk filasta, abu naɗe a tsumma.

"Chaudhry sahib, ba maganar aure ta kawo ni ba. Kayanka na dawo da su. Na yi kuskure."

Abbu ya warware tsumman. Yatsansa ya bi layin daga farko har ƙarshe, idonsa ya kawo ruwa. Murfin ya ƙara 'yan sababbin tabo a cikin tulin, Shahzeb ya nuna su. "Waɗannan zan iya..."

"Kul," in ji Abbu. "Ka sake taɓa shi da samfefa, sai na karya hannun."

"To."

"Ka zo da sukudireba?"

"Tana aljihu."

"To tsayuwar me kake yi? Rimsha, kawo shayi. Kofi biyu." Ya juyo ga Shahzeb. "Ka ce wa mahaifiyarka alawar nan, in ba ku cinye ba, ta dawo da ita."

Faraz ya koma Dubai da kwalinsa. Aka sha biki, duk layinmu muka rufe shaguna muka je muka ci biryani har muka kasa tashi. Ranar kai amarya Abbu da kansa ya zura wa Rimsha awarwaron Ammi, ya dafa kawunansu ya ce Allah ya ba su zaman da ya yi da uwarta, har da faɗan.

Ba a yi sati ba Rimsha ta gaji da kiran ango cin abinci, ta zo ta danne murfin kwamfutarsa. Ƙiii. Ta dafe ƙirji.

"Wayyo, Malam Goga. Ɗauko samfefarka."

Shahzeb ya shafa sabon layin da babban yatsa, ya kama hannun mai awarwaron.

"Wannan ba ya goguwa, jaan," ya ce. "Mu je mu ci abinci."