Katin Inshorar Direba

Sufeto bai gama shan shayinsa ba wani mutum ya faɗo ofis yana haki, matarsa na biye da shi tana gyara mayafi.

"Yallaɓai, an sace min katin inshorar lafiya, kuma an mai da ni ɗan ƙwaya!"

"Zauna tukuna. Mece ce sana'arka?"

"Direban motar makaranta ne. Jiya ina cin abinci wayar matata ta yi ƙara. Hannunta duk kumfar wanki, sai na ɗauka. Wata nas ce daga cibiyar kula da masu shaye-shaye, wai a gaya wa madam mijinta yana samun sauƙi, hannunsa ya daina rawa. Yallaɓai, ni ne mijin! Ga loma a hannuna!"

Saje, wanda ke tsaye bakin ƙofa, ya juya baya yana tarin ƙarya.

"In maganar nan ta kai makaranta, aikina ya ƙare," in ji direban. "Wa zai ba mashayi 'ya'yansa?"

"Ina kake ajiye katin?"

"Cikin gwangwanin alewa, saman kabad ɗin ɗakin kwana."

"Wa ke shiga ɗakin?"

Matar ta yi caraf ta ce, "Babu kowa, ranka ya daɗe. Ƙila a mota ya yar da shi, mutumin nan har makullinsa nema yake kullum."

"Ku biyu ne a gidan?"

Direban ya ɗaure fuska. "Da akwai ƙanena, Auta. Na kore shi. Maganin tari ya mayar ruwan sha, har batirin motata ya kwance ya sayar."

Sufeto ya ɗauki hularsa. "Ku zo mu je mu gaishe da kai a gadon asibiti."

Cibiyar gida ce mai faɗi, da fenti ruwan ƙwai da kujerun roba a baranda. Sufeto ya bar mata da miji a mota tare da Saje, ya shiga shi kaɗai. Nas ɗin ta nuna masa lambu ta taga. Wani saurayi na ba tumatir ruwa yana fito, kamarsa ɗaya da direban, tumbi kawai ya bambanta su.

Sufeto ya ƙarasa ya ce, "Sannu da aiki, Auta."

Saurayin ya amsa kafin ya tuna ba sunan da aka san shi da shi a nan ke nan ba. Ya sunkuyar da kai.

"Wa ya ba ka katin yayanka?"

"Ni na sata, yallaɓai. Ni kaɗai."

"Daga ina?"

"Daga... aljihun wandonsa."

"Madalla. Ci gaba da ban ruwa."

Ya koma wurin nas ɗin. "Ranar da ya zo, da ƙafarsa ya shigo?"

Ta yi dariya. "Wace ƙafa? A babur mai ƙafa uku aka kawo shi, ko sunansa bai iya faɗa. Abokiyar aikina ce ta karɓe shi, ta ce wata mata ce ta riƙo shi, ta rufe fuska da mayafi."

"Lambar da kika kira jiya fa, kamfanin inshora ne ya ba ku?"

"A'a. Kamfanin ya tabbatar mana katin yana ɗaukar nauyin irin wannan jinya, shi ke nan. Matar ce ta bar lambar, ta ce a riƙa sanar da ita."

Sufeto ya fito yana murmushi. Ya leƙa tagar mota.

"Madam, kin taɓa zuwa nan?"

"Ni? Me zai kawo ni?"

"To yaya aka yi lambarki ta riga ki zuwa?"

Ta dubi mijinta, ta dubi Saje, sannan ta sauke ajiyar zuciya.

"Ni ce na ɗauka. Har kujera na taka na kai saman kabad ɗin."

Direban ya zaro ido. "Ke?"

"Ni! Yaron nan a hannuna ya girma, ni na riƙa wanke masa kayan makaranta. Na tsince shi bayan shagon mai faci, kwance, ƙuda na bin bakinsa. Na zo maka da maganar, ka ce kar a sake ambatar sunansa a gidanka. Kati na kwance a gwangwani, kai ko ciwon kai ba ka yi. In bar shi ya mutu?"

"Amma sunana fa? Aikina?"

"Wannan kam na yi kuskure, maigida. Ban yi tunanin nan ba. Ka yafe min."

Sufeto ya ce, "Zuciyarki mai kyau ce, madam, amma amfani da katin wani laifi ne. Za ki bi mu ki ba da bayani, kuma dole kamfanin ya sani, a cire sunan mijinki daga jinyar."

"To yaron fa?" Direban ne ya tambaya, muryarsa ta yi ƙasa. "Korarsa za a yi?"

Nas ɗin, wadda ta biyo su waje, ta ce, "Irin tsarinka yana karɓar ɗan'uwan da ke zaune a gidanka, in ka je ka sa shi da kanka. Sa hannunka kawai ake buƙata."

Direban ya sosa ƙeya ya daɗe. Saje ya buɗe wa matar ƙofar gaba, ya ce mai laifi irin wannan ba a baya take zama ba. Mijin ya gyara zama zai bi su.

"Sauka," in ji matar. "Ni na san hanyar gida. Je ka ga ɗan'uwanka."

Ya sauka. Motar na juyawa Sufeto ya hango shi ta madubi, tsaye a bakin lambu yana nuna Auta da yatsa, faɗa yake ba ƙaƙƙautawa. Sai kuma ya jawo shi jikinsa ya rungume, tiyo na zuba musu ruwa a takalma.