Fitilar Gidan Tela

Ran da aka kafa sola a gidan Tela, Auta ta share tsakar gida sau uku. Ba datti ta gani ba, dalilin giftawa ta gaban tsani take nema. A kan tsanin kuwa saurayinta ne, wanda duk ƙauyen ke kira Mai Sola, yana ɗaure farantin sola a kan rumfar awaki, inda rana ke wuni. Kaka na zaune a tabarma tana yi masa tsiya, wai mijin da ya kasa sayen kananzir shi ke roƙon rana. Shi kuma ya ce bari wuta ta kama kowa ya ga tsufanta, sai ya fasa aurenta ya ɗauki jikar.

Shekara da shekaru ƙauyen na jiran wutar lantarki. An zo an auna, an kafa turaku, turakun suka ƙare a matsayin wurin ɗaure jakuna. Mai Sola ne ya je ya koyo aikin, ya dawo da ƙananan kaya daidai ƙarfin talaka: faranti ɗaya, batir ɗaya, ƙwan fitila uku da wurin cajin waya. Da gidan surukai ya fara, gida goma sha biyu kuma suna jiran su ga yadda za ta kaya.

Da magariba ƙwayayen suka kama. Baba ya zura zare a allura bai kira kowa ba, abin da ya yi shekara bakwai bai yi ba. Washegari duk wanda ya zauna a bencin ƙofar shagonsa sai da ya ji labarin surukin da Allah ya ba shi.

Bayan mako biyu fitilar ta fara wasa. Ta kama da magariba, kafin isha ta lumshe. Mai Sola ya riƙa zuwa da yamma in ya tashi aiki. Ya bi waya ɗaya bayan ɗaya, ya canza batir, ya sake canzawa. Duk a banza.

Abin da Baba ya yi daga nan ba ya da kyau, kuma bai kamata a yi masa kwalliya ba. Bai bincika ba, bai tambayi kowa ba. A kan bencin nan dai, gaban mutum tara, ya ce yaron mayaudari ne, tsofaffin kaya yake gogewa ya sayar, kuma wanda ya cuce ka a kan fitila zai cuce ka a kan 'ya. Ya janye maganar aure. Kafin mako ya zagayo gidajen nan goma sha biyu duk sun janye.

Auta ta yi kuka har Inna ta gaji da lallashi. Mai Sola ya aiko mata cewa kada ta ja da mahaifinta, zai haƙura. Haƙurin ta yarda da shi, amma ba na naɗe hannu ba. Malama ce a firamaren ƙauyen, ta saba da neman inda lissafi ya karkace. Sai ta lura cewa duk ranar kasuwa fitilar ba ta mutuwa. Ta jira kasuwa ta biyu, haka. Ta uku ma haka. To me ke faruwa a gidan nan kullum, ban da ranar kasuwa?

Wata Talata ta nemi izini ta dawo gida da tsakar rana, lokacin da ba ta taɓa dawowa ba. Tana shiga ta ɗaga kai, sai ta tsaya cak. Kujera na jingine da rumfar awaki. Farantin sola kuwa ba a ganin ko kusurwarsa: an shimfiɗa masa buhu, an baza yankakken tumatir da kuɓewa, sun sha rana suna ta ƙyalli.

"Kaka, wannan fa?"

"Shanyata ce, ba ki da ido? Tun da na zo gidan nan ban taɓa samun wurin shanya irin wannan ba. Ga santsi, ga zafi, akuya ba ta kaiwa. Allah ya yi wa yaron nan albarka."

Kullum sai kowa ya fita take hawa, ta kwashe kafin la'asar. Ranar kasuwa ce kaɗai ba ta shanya, don ranar take kai busasshen kayan sayarwa. Auta ta zauna a ƙasa tana dariya, hawaye na zuba. Da ta yi bayani, Kaka ta riƙe haɓa ta yi salati, ta ce ita wa ya gaya mata abin nan rana yake ci?

Baba ya dawo aka nuna masa. Ya daɗe yana kallon buhun, sannan ya ce a aika a kira yaron cikin dabara, a rufe maganar a gida. Auta ta durƙusa, kanta a ƙasa.

"Baba, ka gafarce ni. Ba a gida aka ɓata sunansa ba."

Inna ta zare mata ido. Amma Kaka ta riga ta yafa mayafi. Ta ce wa ɗanta ya wuce gaba, in kuma kunya ta hana shi magana, ita bakinta ƙalau yake.

A kan bencin, gaban mutanen da suka fi na farko yawa, Baba ya miƙe ya ce ya yi wa yaron nan ƙazafi, ya nemi gafararsa, kuma maganar aure tana nan. Kaka ta ba da labarin shanyarta da kanta, har da kwaikwayon yadda take hawa kujera. Aka yi ta dariya, sai wani manomi ya yi tari ya ce, gaskiya shi ma da an sa masa, barkono zai baza.

Mai Sola ya karɓi nasa laifin. Ya ce maigida kaɗai ya yi wa bayani, ya manta da masu wuni a gidan. Tun daga ranar, duk gidan da ya shiga sai ya tara kowa, har tsofaffi, kafin ya taka tsani. Ya kuma haɗa wa Kaka teburin shanya na katako da raga, shi ma ya zama abin sayarwa.

Bayan wata biyu aka ɗaura auren, lokacin gida goma sha tara na da haske. Kaka ta ce ta bar wa Auta mijin, tunda ita ta samu abin da take so.

Haƙuri yana da riba, amma sai an haɗa shi da buɗe ido. Wanda kuma ya zubar da mutuncin wani a bainar jama'a, can zai koma ya kwashe, ba a bayan ɗaki ba.