Hannun da Ke Kan Kafaɗar Baba

Akwai wani yaro da ake kira Auta. Babansa ya rasu bara. Tun daga nan gidansu ya yi shiru. Kujerar Baba tana nan a falo, ba mai zama a kai.

Wata Asabar Mama ta kai Auta laburaren unguwa. A can ana koya wa mutane yadda za su binciko tarihin danginsu. Tsofaffi da yara duk sun hallara. Malamar laburaren ta raba musu manyan kwalaye, ta zana bishiya a allo. Ta ce kakanni su ne saiwa, iyaye rassa, yara kuma ganye. Ta ce mako mai zuwa kowa ya zo da tsohon hoto, amma ya fara neman izinin mai shi.

Auta ya ji maganar hoto. Maganar izini kuwa ta bi ta bayan kunnensa ta wuce.

A ɗakin Kaka akwai wani hoto cikin gwangwanin biskit. Mutane ne tsaye a bakin wata ƙofa. Baba yana tsakiya, yana ɗan yaro, yana dariya da giɓi a bakinsa irin na Auta.

Da Kaka ta tafi kasuwa, Auta ya ɗauko hoton. Shi Baba kawai yake so a bishiyarsa. Ya sa almakashi ya yanko Baba, ya manna shi a kwali da gam. Sauran hoton ya cusa a ƙarƙashin katifa.

Ranar Asabar ya nuna wa Malama aikinsa, yana ta washe baki.

"Kai, kun yi kama," in ji Malama. Sai ta gyara tabarau. "To, hannun wa ne wannan a kafaɗarsa?"

Auta ya duba. Ashe akwai yatsu a kafaɗar Baba, sun riƙe shi a hankali. Mai hannun kuwa babu shi. Almakashi ya raba su.

"Ban sani ba, Malama," ya ce.

Malama ba ta yi masa faɗa ba. Ta dai gaya masa cewa hoto ba fuska kaɗai yake ajiyewa ba. Yana ajiye wanda ya tsaya kusa da wa.

Da ya koma gida, ya tarar da Kaka zaune da gwangwanin a cinyarta, a buɗe. Kullum da tsokana take tarbarsa, tana ce masa maigida. Yau ko ɗago kai ba ta yi ba.

Auta ya ɗaga katifa ya ɗauko sauran hoton. Ya durƙusa ya miƙa mata.

"Kaka, ni ne. Ki yafe mini."

Kaka ta shafa gurbin da yatsa, har ta kai ga wani hannu da almakashi ya datse wa yatsu. "Hannun kakanka ne, mijina," ta ce. "Wannan ne kaɗai hoton da suke tare. Ga shi dukansu sun tafi."

Auta ya fashe da kuka. Kaka ta jawo shi jikinta. Ta ce ta san kewar Baba ce ta sa shi, ita ma tana kewarsa. Ta ce in da ya tambaye ta, ai da tare za su je laburaren.

Asabar ta gaba kuwa tare suka je. Malama ta ɓanɓare Baba daga kwalin a hankali, ta mayar da shi gurbinsa, ta liƙe ta baya da wata siririyar takarda. Sannan ta yi wa Auta kwafi, ta ce irin wannan ake mannawa a bishiya.

Kaka ta riƙa nuna mutanen tana faɗin ko su wane ne. Ga Gwaggo, ga Kawu mai gyaran keke. Auta yana rubutawa da fensir a bayan kwafin. Har ta ba da labarin yadda Baba ya faɗo daga keken Kawu ya yi wannan giɓi. Kowa ya yi dariya.

"Maigida," in ji Kaka, "ka ƙara taɓa mini kaya da almakashi, sai in canza miji."

Daga ranar Auta ya koyi cewa ba a ɗaukar kayan wani sai da izini, kuma abin tarihi ba a yanka shi.

Tabon yankan yana nan a hoton, siriri kamar zare. Amma hannun ya koma jikin mai shi, yana riƙe da kafaɗar Baba.