Mabuɗi a Akwatin Zaɓe

"Lauratu, ki rufa min asiri! Saura mako uku a ɗaura mana aure!"

"Na sani, Hayatu. Ni ma ina ƙirgawa."

"To me ya kai ki? Babanki ne fa shugaban ƙungiyar, ni kuma sakatarensa..."

Muna tsaye a bakin shagona na atamfa a kasuwar Marché Congo, ya haɗa gumi kamar wanda ya yi dako. Ina son mutumin nan har cikin raina, amma tsoron Baba ya yi masa yawa.

Ƙungiyar Hausawan layinmu a unguwar New Bell ita ke yanke inda za a haƙa kwata da inda za a kafa famfo. Tun zamanin kakanni ƙuri'a ɗaya ce ga kowane gida, maigida ke jefawa. Mu mata namu dafa shinkafar ranar zaɓe. Maƙwabciyarmu Rahinatu mijinta ya rasu, saboda haka gidanta ba shi da baki. Damina uku ruwa na shiga ɗakinta har gwiwa, maza suna ta "za a duba".

Na ciro mabuɗin kwaɗon shagona na danƙa masa.

"Riƙe wannan. Gobe za ka san amfaninsa."

"Ma chérie, masoyiyata, don Allah..."

"Ban ce ka zaɓe ni ka bar Baba ba. Ka dai riƙe."

Washegari, ranar zaɓe, da hantsi mu mata ashirin da bakwai muka isa zauren ƙungiya ɗauke da tukwane, ko ƙwayar shinkafa babu a ciki. Muka kife su muka zauna. Na naɗa sarƙar shagona a ƙyauren ƙarfen zauren, na haɗa da hannuna, na danna kwaɗo. Na ɗaure fuska tamau.

Maza suka iso cikin manyan riguna. Baba, Alhaji Zailani, yana gaba, Hayatu na bayansa rungume da akwatin zaɓe. Akwatin nan kowace shekara a masallaci ake kulle shi, shugaba ya rantse gaban jama'a ba za a buɗe ba sai an gama jefa ƙuri'a. Da safiyar nan Baba ya yi rantsuwar.

"Lauratu! Mene ne wannan?"

"Baba, ƙuri'a muka zo jefawa."

"Tashi ki ba mutane hanya!"

"Ku gafarce ni, Baba. Ba zan tashi ba."

Mata suka hau dukan tukwane. Masu babur suka tsattsaya suna kallo, wani na ihu da Faransanci, "Les mamans sont fâchées!", wato iyaye mata sun fusata. Wani dattijo ya ce a kira mai walda ya yanke sarƙar. Baba ya juyo a fusace.

"Wa zai kawo wuta kusa da hannun 'yata? Ina mabuɗin?"

Ban iya yi wa Baba ƙarya ba. Na kalli Hayatu, kowa ya bi idona.

"Au, har da kai?" Muryar Baba ta yi sanyi, irin sanyin da na fi tsoro. "Buɗe ta yanzu. In ba haka ba, ka gaya wa iyayenka su zo su kwashe lefensu."

Hayatu ya ciro mabuɗin. Ya matso har ina jin ƙamshin turarensa. Hawaye suka zubo min, don na san in ya buɗe zan aure shi, amma ba zan ƙara kallonsa da idon da ba.

"Hannun yana ciwo?" ya tambaya ƙasa-ƙasa.

"Yana yi."

"Ki ƙara haƙuri kaɗan, masoyiyata."

Sai ya juya, ya zura mabuɗin ta tsagar akwatin zaɓe. Ƙararsa da ya faɗa ciki har ta bayan layi an ji.

"Baba, ku yafe min," ya ce yana durƙusawa. "Ni dai na jefa tawa."

Wuri ya kaure da salati. Baba ya kalli akwatin da ya rantse a kansa, ya kalli ƙofar da ba ta buɗuwa, ya kalli hannuna da ya fara kumbura.

"A yi zaɓen a nan waje!" wani ya ce. "Maza su jefa, a buɗe, a sallame ta."

"Ko an buɗe, a nan zan kwana," na ce. "Gobe ma in dawo da sabon kwaɗo."

A lokacin ne Inna ta fito daga cikin taron. Mahaifiyata Fatsuma, wadda ban taɓa jin ta ɗaga wa Baba murya ba. Ta shimfiɗa gyalenta kusa da ni ta zauna.

"Alhaji, shekara talatin ina dafa muku shinkafar zaɓe. Yau ina son in ga cikin akwatin nan da idona."

 Baba ya cire hularsa ya share goshi.

"Sakatare... rubuta sunayensu."

Guɗa ta tashi har kunnena ya toshe! Rahinatu ce ta fara jefawa, tana kuka tana dariya. Ni aka kawo min akwatin har inda nake.

Bayan la'asar aka buɗe. Baba da kansa ya tsamo mabuɗin daga cikin takardu, ya tsuguna ya kwance ni. Ya riƙe hannuna yana murza shatin sarƙar da babban yatsansa, idonsa ya yi ja.

"Taurin kan nan nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba."

"Baba, maganar lefen..."

Ya miƙe, ya kama tafin Hayatu ya dangwara masa mabuɗin.

"Ranar tana nan yadda aka sa. Riƙe da kyau, ɗana. Kai ka ga za ka iya."