Katin da Grema Ya Gwada a Gida

Duk mai ɗaukar hoto a Diffa ya san ba a shiga biki da sabon katin memori sai an gwada shi. Na jabu sun cika kasuwa. Ka bi amarya tun daga lalle har ɗakinta, ka dawo ka buɗe, babu ko fuska ɗaya. Shi ya sa muke fara ɗaukar mutanen gida mu duba. Hannu ne ke yi, ba a ma tunani.

Grema ya fi mu iya aiki, ya kuma fi mu zalama. Da kati mai araha ya cinye masa hotunan wani babban biki aka daina kiransa, bai nemi na kirki ba. Boka ya nema, can bayan gonakin tattasai na Shetimari, a bakin kogin Komadugu.

Bukkar kara ce, ƙasarta a jiƙe, busassun kawunan kifi rataye a igiya, ga baƙar tukunya cike da ruwan kogi. Bokan ya karɓi sabon katin, ya tura shi a bakin tarwaɗa mai rai, ya yi ta tofi har ta daina motsi, sannan ya zaro shi.

"Ba zai cika ba, ba zai ɓata hoto ba," in ji shi. "Amma waɗanda hotonsu ya fara shiga, na masu ruwan ne, aljanun kogin nan."

"Baba, ba za su karɓi rago ba?"

"Rago kake ɗauka a sana'arka? Ka yarda ko ka tashi."

Grema ya tuna yana da aiki a sansanin 'yan gudun hijira na Sayam, inda bai san kowa ba; a can zai fara ɗauka. Ya ce ya yarda.

Ya shigo gida da la'asar, matarsa Meram na tsince tattasai, 'ya'yansu Bilal da Fiddausi sun jingina da ita. Ya sa katin a kyamara. "Ku kalle ni," ya ce. Sai da hoton ya fito tas ya tuna.

Arziki ya zo. Ƙungiyoyin agaji suka riƙa layi a kansa, ya buɗe sutudiyo a hanyar Zinder, ya sayi mota. Bilal ya rasu a ruwan da bai kai gwiwa ba. Fiddausi ta kwanta da zazzaɓi ba ta tashi ba. Meram ta zautu, ta koma zama a ƙofar gida tana zuba wa ƙasa ruwa, tana cewa 'ya'yanta su sha. Mun je gaisuwa, mun dawo, ban ji komai ba sai nauyi.

Grema ya koma wurin bokan a guje.

"Goge katin, hankalin matar zai dawo."

"Hoton 'ya'yana na ciki, Baba. Ya ƙi kwafuwa, kuma ba ni da wani."

Mai hoton gari guda, bai taɓa wanke na 'ya'yansa ba. Ya goge. Aiki ya tsaya, mota da sutudiyo suka bi.

Meram ta warke. Ta yi wanka, ta ɗora tukunya, ta ga ƙananan takalma a bakin ɗaki.

"Malam, 'ya'yan wa suka manta takalmansu a nan?"

Ya ce na maƙwabta ne.

Kai mai kwaɗayin na yau, ka sayi katinka a inda aka sani, ka gwada shi, ka ci abin da guminka ya kawo. Masu ruwa ba sa zaɓar baƙo, a cikin gidanka suke ɗiba.