Tumakin Nini Uwen

Bayan la'asar na tsayar da a-kori-kurata a ƙofar Nini Uwen, tsohuwar da ke ƙarshen ƙauyenmu. Tumakinta shida zan kai aro gidan Juragan Tatang, attajirin kan tudu, su cinye masa ciyawar farfajiya. Injin yanka uku ya kashe a kanta, ita kuwa kullum ƙara tofo take.

Kowa ya hana shi aro. Filin nan dā makiyayar Abah Sarkim ce, mijin Nini. Da Abah ya ƙi sayar wa Juragan, aka wayi gari tumakinsa arba'in a kwance, kumfa a baki. Guba aka barbaɗa a ciyawa. Abah bai yi wata ba ya bi su, filin ya koma hannun Juragan.

Na ce, "Nini, duk garin nan ke ce za ki ba shi aro?"

"Ciyawa ba ta yi min laifi ba, Darsa. Kai su. Yunwa suke ji."

Hanyar ta ratsa gonakin shayi. Motar na nishi kamar siminti na ɗauko. A baya kuwa tsit, ko tunkiya ɗaya ba ta yi kuka ba. Sai wani wari da ke biyo ni, warin mushe da maganin feshi.

Ana buga gangar masallaci ta kiran sallar magariba na isa. Juragan na tsakiyar ciyawa, yana zuƙar sigarinsa mai ƙamshin kanumfari.

"Sai yanzu, sarkin nawa? Sauke su!"

Na buɗe bayan mota. Shida suka diro.

Sai ta bakwai. Sai ta takwas.

Suna ta fitowa daga inda babu komai, cikinsu a kumbure, kumfa na ɗiga daga bakinsu. Kofatansu ba sa ƙara.

Ba wadda ta sunkuya kan ciyawa. Juragan suka kewaye.

"Darsa," ya ce, muryarsa kamar raɗa. "Kore su."

Daga cikin gonar shayi aka yi fito sau biyu, irin wanda Abah ke kiran garkensa da shi.

Suka rufe Juragan.

Na ji ƙarar tauna.

Wani rago ya waiwayo, ya shinshini gwiwata. Numfashinsa sanyi ƙalau. Na faɗa mota, ƙahonsa ya tsaga ƙofar, na gangara tudun ko fitila ban kunna ba.

Da safe aka tsinci Juragan a raye, yana rarrafe, bakinsa cike da ciyawa. Har yau bai sake magana ba, kuma shinkafa ba ta wuce masa maƙogwaro.

Na je in ba Nini labari. Tana ɓare rogo, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ba su ƙoshi ba," ta ce. "Saura wanda ya ɗauko masa buhun gubar daga birni."

A motata aka ɗauko shi. Ban taɓa gaya wa kowa ba.