Ba a Kwanciya a Tarago

Ku yaran yanzu ba kunya, ba tsoron Allah. Ku banke mutum da babur, ku waiga, in ba mai kallo ku ƙara wuta. To ku rufe mini baki ku saurara. Ni Tasalla ba na ƙarya, kuma ba labari aka ba ni ba. Ina wurin.

Bayan yaƙin basasa ne, kuɗin mai ya fara shigowa. Alhaji Haladu na nan Gwiwa fataucin shanu yake yi. Ya sayo a Babura, a koro su da ƙafa har Kano, a loda a jirgin ƙasa zuwa Ikko. Kowane tarago da ɗan rakiya a ciki, tsaye a tsakiyar shanu da sanda. Aikinsa ɗaya ne, kada ya bar saniya ta kwanta, don in ta kwanta sauran za su tattake ta. Da ta durƙusa sai ya zungure ta ta miƙe.

Hamma ne ɗan rakiyar Alhaji. Ɗan Inno ne, tsohuwar da ke kawo mana nono daga ruga, kuma shi kaɗai gare ta. Wata tafiya Alhaji ya dawo ba Hamma. Ya ce wai ya bi wata karuwa a Ikko, a gaya wa uwarsa ta daina jira. Gari ya ɗauka. Har a bakin rijiya ana yi wa Inno habaici. Ita kuwa ta je ƙofar gidansa da ƙwarya a ka, ta ce, "Ɗana ba haka yake ba. In ka san inda yake ka ɓoye, Allah ya isa."

Daga nan ta daina fitowa. Ni nake kai mata tuwo.

Wata ranar kaka na makara. Rana ta faɗi ina tsakanin duwatsu, kwano a hannu. Da na gangaro busasshen rafin da ke kafin ruga, sai na tarar da sabuwar a-kori-kurar Alhaji ta kafe a yashi. Yana tsugune yana tonon ƙarƙashin taya.

"Sannu, Alhaji."

"Tasalla, har yanzu kina ciyar da mahaukaciyar nan? Ajiye kwanon ki tura mini."

Kafin in ajiye kwanon, kwaɗi da gyare duk suka yi tsit lokaci guda.

Sai wari. Warin baƙin mai da fitsarin shanu, irin wanda ya kwana a rufe.

Murfin kwanona ya soma kaɗawa. Ba hannuna ke rawa ba. Ƙasa ce.

Can daga kudu muka ji usur, dogo, siriri. Kun dai sani babu layin dogo a ƙasar Kazaure duka, daga Roni har Yankwashi. Ni sau ɗaya na taɓa ganin jirgi, a Kano. Amma wanda ya ji kukan nan ba ya mantawa.

Alhaji ya miƙe. Yashi na zuba daga hannunsa.

"Kin ji?" Da raɗa ya faɗa.

"Na ji."

"Iska ce."

Ko ganye ba ya motsi.

Ƙarar ƙarfe ta biyo cikin rafin. Ƙaƙaf, ƙaƙaf. Babu fitila. Duhu ne kawai ke tahowa, wanda ya fi na magariba kauri. Na ji ƙahonni na gogar katako, na ji numfashin shanu da yawa. Na so in karanta Ƙulhuwallahu, harshena ya ƙi. Na so in gudu, na yi tuntuɓe. Na zube a tsakiyar rafin.

Abin ya tsaya. Zafinsa na dukan fuskata.

Ƙofa ta zuge a hankali.

Mutum ne tsaye a ciki da sanda. Malfarsa na fara ganewa. Ƙirjinsa ya lotsa, sawun kofato a kai.

"Alhaji," in ji shi, murya kamar ta mai mura. "Da sauran numfashina fa."

Alhaji ya ja da baya har ya bugi mota.

"Zazzaɓi ya kayar da ni. Na ce ka sauke ni a tasha. Ka ce in an gan ni za a cire taragon, shanu su rame."

"Hamma, don Allah..."

"Ka jira muka wuce Jebba. Ka turo ni."

Alhaji ya faɗi rubda-ciki yana kuka. Ban ga sandar ta motsa ba. Ƙararta kawai na ji a haƙarƙarinsa. Tim!

"Tashi. Ba a kwanciya a tarago."

Ya zabura ya miƙe.

Sai malfar ta juyo wajena. Ni ma a kwance nake. Sandar ta ɗaga. Na rufe ido.

"Adda Tasalla ce?" Ya sauke sandar. "Kauce daga kan hanya. Tuwon Inno zai huce."

Usur ya sake tashi. Na mirgina, na kama saiwar wata bishiya na ja jikina. Iskar abin ta fizge mini kallabi. Ban sake ganin kallabin ba.

Da rarrafe na isa ruga. Na gaya wa Inno komai. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Gobe ki faɗa a bakin rijiya." Na faɗa.

Malamai sun ce matacce ba ya dawowa, aljani ne ya ari kamarsa. Ban musa ba. Amma aljanin nan ya san abin da duk garin bai sani ba.

Alhaji Haladu bai ƙara kwanciya ba. Da haƙarƙarinsa ya taɓa tabarma sai ya yi ihu ya zabura, sabon shatin sanda a jikinsa. Zama ma ya gagara, sujada ta gagara. An yi rubutu, an yi turare, an kai shi asibiti a Kano a tsaye a bayan motarsa. Shanun suka ƙare wajen magani. Daga baya da rawaninsa ake ɗaure shi a ginshiƙin zaure don ya ɗan runtsa. Ƙafafunsa suka kumbura kamar turmi, suka fashe.

Da bakinsa ya faɗi gaskiya gaban liman. Aka kai shi ruga ya roƙi gafara. Inno ba ta ɗaga ido daga ƙwaryar da take wankewa ba.

"Kawo mini ƙashin ɗana in binne," ta ce. "Sai mu yi magana."

Wa zai nemo ƙashi a dajin Jebba?

Bai ga wata kakar ba. A tsaye ya mutu, ɗaure a ginshiƙin.